Shuɗin da Yaranmu Suka Haddace Ba Su Taɓa Gani Ba



Kwanakin baya muka haɗa karatun bita a nan Madarunfa don yaran da za su zauna jarrabawar BEPC. An tattaro su daga makarantu daban-daban na karkararmu, kuma ni aka ba darasin shimi, wato ilimin sinadarai. Na fara da tambaya mai sauƙi: idan aka ɗiga ruwan soda cikin ruwan da ke ɗauke da iyon na jan ƙarfe, me zai fito? Kafin in rufe baki aji ya ɗauka gaba ɗaya kamar masu biya allo da asuba: "précipité bleu!" Na ce madalla, na baƙin ƙarfe mai caji biyu fa? Suka ce "vert!" Mai caji uku? "Rouille!" Babu wanda ya yi tuntuɓe.

Sai na buɗe jakata na fito da kwalabe uku marasa suna, da ƴar kwalbar ɗigo mai ruwan soda. Na kira yarinyar da ta fi kowa ɗaga murya, wadda malaminta ya ce ita ce ta ɗaya a makarantarsu, na ce ta gaya mini abin da ke cikin kowace kwalba. Ta tsaya tana kallona. Can ta sassauta murya ta ce: "Mushe, don Allah, shi précipité ɗin ruwa ne ko hayaƙi?"

Yara suka kwashe da dariya. Na ce to, wanda ya sani ya taso ya gaya mata. Dariya ta mutu. Babu hannu ko ɗaya da ya tashi.

Tun ranar abin ke cina, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Laifi tudu ne, don haka bari in fara da taka nawa. Ni ma haka aka koya mini. Na ci BEPC, na ci bak, ban taɓa ganin wannan shuɗin da idona ba sai a makarantar horon malamai, ina da gemu. Bayan na fito kuma na yi shekaru ina yi wa ƴaƴan mutane abin da aka yi mini: in zana kwalba a allo, in zana ɗigo a samanta, in ɗauko alli mai launi in cike gindin kwalbar, yara su kwafa, mu tashi. Ranar da allin launi ya ƙare sai in rubuta sunan launin in ja masa layi. Na karɓi albashi a kan haka, kuma ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Ga iyayen da ba su san abin da ake magana a kai ba, ga shi a taƙaice. In ka zuba gishiri a ruwa ya narke, idonka ya daina ganinsa, amma yana nan. Ya rarrabu ne zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, su ake kira iyon. Haka kanwa take yi, haka alif, haka takin zamani, haka ma wasu gubobi. Tun da ido ba ya ganinsu, masana suka samo dabarar tona asirinsu: a ɗiga wani sinadarin da aka sani, in wanda ake nema yana ciki sai su haɗu su zama abin da ba ya narkewa, ruwa ya gurɓace, abin ya kwanta a ƙasa kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin ƙwarya. Wannan gasarar ita ce précipité ɗin da yarinyar nan ke tambaya. Launinta ne ke faɗar sunan mai ita. Ruwan soda kan ba da shuɗiya in jan ƙarfe ne, koriya in baƙin ƙarfe ne mai caji biyu, mai launin tsatsa in mai caji uku ne, fara in tutiya ce ko alminiyom. Nitirat na azurfa kan ba da fara mai guda-guda kamar tsinkakken nono in akwai iyon kulorur, irin na gishirin miya, kuma in ka ajiye ta a rana sai ta yi baƙi. Kulorur na bariyom kan ba da fara in akwai sulfat. In kuwa karbonat ne, ka zuba masa abu mai tsami, ya yi kumfa.

Kun ga dukan darasin nan a kan ido ya tsaya. Ba shi da wata manufa da ta wuce yaro ya duba, ya ga abin da ya sauya, ya yanke hukunci da hujja. Mu kuwa mun cire idon mun bar kunne. Da wani zai buɗe makarantar koyon tuƙi babu mota ko ɗaya, yana zana sitiyari a allo, da tuni gari ya ɗauka. Mu shekara da shekaru muna yin irin wannan, ana kuma yi mana sannu da ƙoƙari.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma da ita na daɗe ina fakewa: ba mu da labo. Gaskiya ne. Yawancin makarantunmu na karkara ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu ma ajin kansa na zana ne da kara. Ba na wanke hukuma daga wannan, zan kuma zo kanta. Amma kalmar nan ta "babu labo" ta zama bargon da muke lulluɓa da shi mu yi barci. Gwajin iyon ba ya bukatar ɗaki mai famfo da tayil. Ɗan gilashi yake bukata, da ɗigo kaɗan, da malamin da ya yarda ya ɓata yammacinsa ɗaya yana shiri.

Mu duba abin da ke kasuwa. Kanwa, wadda ake kawo mana daga arewa da gabashin ƙasar nan, mafi yawanta karbonat ne da bikarbonat na sodiyom. Matsa mata lemun tsami ko ruwan tsamiya ka ga kumfa. Wannan shi ne gwajin karbonat da ke cikin littafi, babu ragi. Ɓawon ƙwai ma haka yake yi, haka dutsen da ake siminti da shi a Malbaza. Iskar da ke fita kuwa, in kana son yaro ya tabbatar da ita, je wurin masu walda ka roƙi farin dagwalon da suke zubarwa bayan dutsen kabaid ya gama aikinsa. Ka dama shi da ruwa, ka bari ya kwanta, ka tace. Ruwan saman nan garau shi ne littafi ke kira "eau de chaux". Yaro ya sa tsinken shan lemo ya hura numfashinsa ciki, ruwa ya koma kamar an ɗiga masa nono. Ba zai manta ba har ya tsufa.

Soda, wadda ita ce uwar rabin gwaje-gwajen nan, matanmu masu haɗa sabulu suna sayenta a kasuwa kullum. Alif da muke jefawa a randa don ruwan gulbi ya kwanta yana ɗauke da alminiyom da sulfat. Narka shi ka ɗiga masa ruwan soda, farar gasara ta fito. Ka ci gaba da ɗigawa, ta ɓace kamar ba a yi ba. Soson ƙarfe na wanke tukunya, in ya kwana cikin binegar, ya ba ka ruwa mai iyon baƙin ƙarfe. Ɗiga masa soda ka ga kore, ka bar shi a buɗe zuwa ƙarshen darasi ka ga samansa ya fara komawa launin tsatsa, domin iska ta taɓa shi. A gilashi ɗaya yaro ya ga bambancin mai caji biyu da mai caji uku, abin da muke shafe mako muna fama da shi a allo. Tsohuwar wayar lantarki ta jan ƙarfe, in ka kankare ta ka jiƙa cikin binegar da gishiri na ƴan kwanaki ba tare da ka toshe bakin kwalbar ba, ruwan zai ɗauki launi, ka sami abin gwajin jan ƙarfe. Ruwan zoɓo yakan ƙara ja in ka sa masa tsami, ya koma kore mai duhu in ka sa masa kanwa. Gishiri in ya faɗa harshen wutar gas sai ta yi rawaya, wannan sodiyom ne ke faɗar sunansa. Maimakon bututun gwaji, ƙananan gilasan shayi sun wadatar, muddin an ware su ba a sake shan komai da su ba. Maimakon abin ɗigo, tsohuwar kwalbar maganin ido da aka wanke sosai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, iyayen yaran nan suna yin shimi kullum a gabansu, mu kuma mun koya musu cewa shimi wani abu ne da ke zaune a Faransa. Uwar da ke jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, aikin da littafi ke ba babban suna take yi. Baduku da ke jiƙa tsohon ƙarfe ya haɗa kuloko, ya shafa a fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi baƙi ƙirin, gwajin iyon baƙin ƙarfe yake yi. In kana shakka, dafa shayi mai kauri ka ɗiga masa ruwan soson ƙarfen nan, ka ga tawada. Marina sun san tokar da za ta tayar da baba da wadda ba za ta tayar ba tun kafin a gina lakwal ta farko a ƙasar nan. Sai yaro ya baro wannan gida ya shigo ajinmu, mu ce masa ya ajiye duk abin da ya sani a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Abu biyu ne kawai a jerin nan ba za a samu a kasuwar ƙauye ba: nitirat na azurfa da kulorur na bariyom. Waɗannan sai an saya wurin masu sayar da kayan gwaji. Amma mu yi lissafi. Giram 1.7 na nitirat na azurfa ya isa a haɗa mililita 100 na ruwan gwaji mai ƙarfin da ake bukata a aji. Mililita ɗaya wajen ɗigo 20 ne, kenan kwalbar na ɗauke da ɗigo kusan 2,000. Gwaji ɗaya ɗigo uku yake ci. Kwalba guda ta isa gwaji fiye da 600. In aka zuba shi a kwalba mai duhu aka ɓoye daga rana, zai daɗe. Makarantu uku ko huɗu na iya haɗa kai su saya su raba. Wanda zai ce mini wannan ya fi ƙarfin makaranta, sai ya fara gaya mini nawa aka kashe wa lemo da hayar kujeru da lasifika a bikin ƙarshen shekarar da ta wuce.

Wani zai ce: Mushe, duk wannan hayaniya a kan launi? Yaron da zai koma gona ko kasuwa, ina ruwansa da gasara fara ko shuɗiya?

Mu mutanen jihar Maraɗi bai kamata wannan tambaya ta fito daga bakinmu ba, domin Tibirin Gobir na nan kusa da mu. A tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka fara shan ruwan famfo daga rijiya mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba launi, kowa na murna an rabu da ruwan tabki. Sai haƙoran yara suka fara sauya launi, ƙafafu suka fara lanƙwashewa. Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili ƙasa ta sani: iyon fuliyorur ne ya yi yawa a ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka nakasa, kuma da yawansu yau magidanta ne da ke ɗauke da wannan tabo. A ƙetaren iyaka kuma, a jihar Zamfara, shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar na sauka a abinci da ruwa da hannun yara. Sai da likitocin MSF suka lura da yawan mace-macen kafin a gano dalili.

Ba ina cewa ɗan turwaziyam da gilashin shayi zai gano fuliyorur a famfo ba. Ba zai iya ba, wannan aikin manyan ɗakunan bincike ne masu na'urori. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya taɓa ɗaukar gilashi biyu na ruwa masu kama ɗaya, ya ɗiga musu abu ɗaya, wannan ya yi fari wancan bai yi ba, ya koyi abin da ba zai fita kansa ba: tsabtar ido ba ita ce tsabtar ruwa ba. Gobe in ya zama mai gari, ko kansila, ko uwa mai goyo, aka zo aka haƙa musu rijiya, shi ne zai miƙe ya ce: an auna ruwan nan? Ina takardar? Me aka nema, me aka samu? Yaron da ya haddace "précipité blanc" ba zai yi wannan tambaya ba, domin abin da muka koya masa shi ne amsa tana wurin na gaba, nasa ya maimaita. Muna zaune bakin tabki, muna noman rani a Jiratawa da gefen gulbi, muna zuba taki da maganin ƙwari kowace shekara, muna shan ruwan da ke ƙarƙashin wannan ƙasa. In akwai mutanen da ke bukatar ƴaƴa masu tambayar abin da ke cikin ruwa, mu ne.

Kuma gwajin na koyar da wani abu da ya fi wannan wuya, wato sanin iyakar hujja. Na taɓa sa yara su kawo ruwan gidajensu, muka ɗiga nitirat na azurfa. Wasu suka ɗan yi hazo. Nan take wani yaro ya ce rijiyarsu akwai guba. Muka zauna muka warware: hazon na nuna akwai kulorur, kuma kulorur kaɗan a ruwan sha ba cuta ba ne. Haka nan ruwan da bai yi hazo ba yana iya ɗauke da ƙwayar kwalara, irin wadda ta addabe mu a nan a 2018, domin wannan gwajin ba ya ganin ƙwayar cuta. A zamanin da kowane saƙon WhatsApp ke zuwa da "masana sun gano", yaron da ya san abin da gwaji ke iya faɗa da abin da ba ya iya faɗa ya fi ƙarfin a ruɗe shi.

Yanzu ga uzurorin abokan aikina, kuma ba na raina su. Na farko, yawan yara. Ni ma na san ajin da in ka shiga ba ka ganin ƙasa. Amma ko yara ɗari ne, malami na iya tsayawa a tsakiya ya ɗaga gilashi a gaban farar takarda, ya zagaya layi-layi. Minti goma ne. In an fi haka hali, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya aiko mutum biyu. Da babu gara ba daɗi. Na biyu, lokaci: wai manhaja ta yi yawa, shekara gajera ce, ga yajin aiki, ga azuzuwan kara da ba a kafawa sai an gama girbi. Duk haka ne. Amma ni na gwada hanya biyun, kuma wadda ake gani ta fi sauri. Abin da yaro ya gani sau ɗaya ba ya bukatar ka maimaita masa sau goma. Na uku, haɗari. Wannan uzuri ne na gaskiya kuma dole a ɗauke shi da muhimmanci. Soda tana ƙona fata, tana makantar da ido. Kulorur na bariyom guba ne in an sha. Nitirat na azurfa na baƙanta hannu da tufa. Don haka malami ne kaɗai zai haɗa su, ya tsarma su sosai da ruwa, ya rubuta suna a kowace kwalba, ya ajiye bokitin ruwa kusa, ya kulle su bayan darasi. Gwajin wuta kuwa, ba a yin sa a ajin kara ko kusa da shi, ko da wasa. Ba mu manta da gobarar watan Nuwamban 2021 a Maraɗi ba, wadda ta ci yara fiye da 20 a azuzuwan kara. A fita fili, nesa da zana, ko a bar shi. Haɗari dalili ne na yin hattara. Ba mu hana ƴaƴanmu mata shiga madafa don akwai wuta ba, koya musu muka yi.

Uzuri na huɗu shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi: da yawanmu ba mu iya ba. Malamin da bai taɓa riƙe kwalbar ɗigo ba yana tsoron ya gwada a gaban yara abin ya ƙi fitowa, a yi masa dariya. Na san wannan tsoro. Karo na farko da na gwada gwajin baƙin ƙarfe a aji, maimakon kore sai na sami wani ruwan ƙasa-ƙasa, domin na bar ruwan ya daɗe a buɗe iska ta riga ta taɓa shi. Yara suka yi ta kallona. Na ce musu ban san dalili ba, mu nema tare. Washegari muka gano. Har yau ina ganin wannan darasin ya fi duk waɗanda suka tafi daidai amfani. Ga matasan malamai ƴan kwantaragi da aka turo aji ba horo, ga albashi na makara, ba na ɗora musu laifi. Laifin na kanmu ne mu tsofaffin hannu, da muke haɗuwa a tarukan ƙara wa juna sani mu ɓata yini kan yadda ake cike takardar shirin darasi, ba a taɓa kawo kwalba ko ɗaya kan tebur ba.

Sai hukuma. Ina da ƙorafi biyu. Na farko ga masu tsara jarrabawa. Muddin tambayar ita ce "wane launi ake samu", malami zai ci gaba da ba da hadda, domin a kan sakamako ake auna shi. A sauya salon tambaya. A ce ga kwalabe uku lakabinsu ya goge, ga abin da aka gani da aka ɗiga kaza, wace ce wace, kuma me ya sa? A tambayi abin da yaro zai yi in gwaji biyu suka ba da fari iri ɗaya. Ranar da jarrabawa ta fara neman tunani, aji zai bi ta. Na biyu ga shugabannin makarantu. Na taɓa aiki a wata makaranta da aka ba kyautar akwatunan kayan gwaji. Shugaban ya kulle su a ofishinsa, wai kada a fasa a tambaye shi. Shekara uku ina roƙo. Ranar da aka buɗe, sinadaran sun dunƙule, gara ta cinye takardun bayani, gilasan kuwa ko ɗaya bai fashe ba. Ya cika amana ga akwati, ya ci amanar yara. Gilashin da ya fashe a hannun ɗalibi ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Akwai kuma maganar harshe. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. An ba ta kalma a harshen da ba nata ba, a kan abin da ba ta taɓa gani ba, duhu biyu kenan. Da na ce mata "kamar gasara", nan take fuskarta ta washe. Ba ina cewa a daina koyar da kalmomin Faransanci ba, da su za ta rubuta jarrabawa. Amma malamin da ke ganin zubar da girma ne ya faɗi kalma ɗaya ta Hausa don yaro ya gane, girmansa yake karewa, ba ilimin yaron ba. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin fizik da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kare koyarwa da harsunanmu. Shi kuma bai tsaya a allo ba, ya yi shekaru yana ƙera na'urorin aiki da hasken rana a ƙasar nan. Jami'armu ta Maraɗi kuwa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo take ɗauke da shi, wanda shi ma masanin shimi ne. Jihar da ta haifi waɗannan mutane biyu ita ce yau ƴarta ta ɗaya a aji ke tambaya ko précipité hayaƙi ne. Mun rataya sunayensu a ƙofofi, mun bar hanyarsu.

Iyaye, ku ma ba ku fita ba. Kuna biyan kuɗin karatun yamma, kuna sayen littattafan tsofaffin jarrabawa, kuna tambayar maki nawa aka samu. Ban taɓa ganin uban da ya zo ya tambaye ni ko ɗansa ya taɓa yin gwaji da hannunsa ba. Kuna da kujera a kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye. A zama na gaba, kafin a shiga maganar fenti da biki, wani ya miƙe ya ce a ware wani abu don akwatin gwaji. In makaranta na da yara 300, kowane uba ya ba da dala ashirin, an tara jaka talatin. A haɗa da na makwabta a sayo abin da kasuwa ba ta da shi. Sauran kuma na gidajenku ne: kanwa, alif, zoɓo, soson ƙarfe, tsofaffin gilasan shayi. Uwar da ke haɗa sabulu ta fi ni sanin yadda ake riƙe soda ba a ƙone ba, kuma zan yi murna ta zo aji ta nuna wa yara. In kuka ba da kuɗin, ku bi sawu. Ku ce a nuna muku kwalaben, ku tambayi ranar da aka yi amfani da su.

Bari in ƙarasa labarin ranar bita. Bayan dariya ta mutu, na miƙa wa yarinyar kwalbar ɗigo na ce ta ɗiga uku a gilashin farko. Hannunta na rawa. Ɗigo na biyu bai gama sauka ba sai ga wani shuɗi mai kauri ya tsaya tsakiyar ruwan kamar gajimare, ya fara sauka a hankali. Ta ja da baya ta ce "La ilaha illallahu!" Yaran baya suka hau tebura. Ta ɗiga a na biyu, kore. A na uku, fari, ta ƙara ɗigo ya ɓace. Ban ce komai ba. Ita da kanta ta juya ta ce wa aji na farko jan ƙarfe ne, na biyu baƙin ƙarfe, na uku kuwa ko alminiyom ko tutiya, ba za ta iya rantsuwa ba sai an ƙara wani gwajin. Wannan amsa ta ƙarshe ba ta cikin abin da ta haddace. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Mushe, shekara biyu ina rubuta abin nan. Don me ba a taɓa nuna mana ba?"

Ban da amsar da zan ba ta wadda ba za ta ba ni kunya ba. Na kawo muku tambayar ne, malamai da shugabanni da masu duba makarantu, ko cikinku akwai mai ita.

Ku kuma iyaye, yau da dare in an gama cin tuwo, a kawo ɗan gutsuren kanwa da rabin lemun tsami. A kira ɗan kwalejin gidan, a matsa a gabansa, a tambaye shi sunan iskar da ke fita da dalilin fitarta. In ya amsa, a sa masa albarka. In ya tsaya yana kallonku, kada a yi masa faɗa. A zo makaranta a same mu.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.